Yadda Za Ka Raka 'Yarka Kallon Tsuntsaye Alhali Allah Ya Hore Maka Murya

Ɗan'uwa, idan kana cikin mutanen da in sun yi raɗa a unguwar Shisha ake jiyo su a Aziziyya, a nan Makka, kuma 'yarka ta nemi ka kai ta bakin bahar, wato teku, kallon tsuntsaye, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari za ka dawo gida da mutuncinka, da 'yarka, har da hoton tsuntsu in Allah ya nufa.

Kada ka tambaye ni ko na taɓa zuwa. Ban taɓa ba, kuma ba na bukata. Gidana yana ƙarƙashin na maƙwabcina Mukhtaru, mai tara alhazai a motocin Aziziyya, mutumin da kamfaninsu ya ba shi lasifika ya mayar musu da ita sabuwa fil a kwalinta. Duk abin da ya faɗa wa matarsa Hadijatu a asirce, ni da iyalina mun ji, na ƙasa da mu ma sun ji. Saboda haka ilimin nan daga tushe na ɗebo maka shi.

Mataki na ɗaya: Ka amsa tun ba a janye ba

Nora 'yar Mukhtaru yarinya ce mai shiru-shiru. A Makka aka haife ta kamar ubanta, amma ita Larabci ya fi zama a bakinta. Ya zuba mata Hausa mai tsawon zango, ta ce "aiwa" ko "ɗayyib", wato "e" ko "to", an gama hira ke nan. 'Yan shekarun nan ta shiga ƙungiyar masu kallon tsuntsaye. Duk lokacin sanyi, ranar Asabar, wanta Talal ke kai ta wani wuri a bakin bahar, kudu da Jidda, inda aka killace fadamar ruwan gishiri domin tsuntsayen da suka gudo sanyin ƙasashen arewa su sauka su huta.

Wannan sanyin shi ne nata na ƙarshe a gidan ubanta. An sa ranar aurenta, angon kuwa a Dammam yake aiki, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Sai ga shi an mayar da aikin Talal ranar Asabar, ita kuma ba ta gama koyon tuƙi ba.

"Baba," ta ce, "bukra, gobe Asabar, za ka iya kai ni bahar?"

"Abshiri! An gama!" in ji Mukhtaru, da ƙarfin da ya karkata agogon bangon ɗakina.

"Amma da sharaɗi. Wurin ba a magana. In ka kore mini tsuntsaye, wallah ba zan sake cewa ka raka ni ko'ina ba."

Ya yi dariya a gabanta. Da ta shige ɗaki, na ji yana ce wa Hadijatu, "Tunda yarinyar nan ta girma ba ta taɓa cewa in raka ta ko kantin bakin layi ba. Yau ta ce, kuma ga shi an kusa ɗauke ta. In na ɓata wannan, ba ni da wata."

"To ka bar muryar a gida mana."

"A ina zan ajiye ta, Hadijatu?"

Lura da kyau: ka san ba kai ne zaɓi na farko ba. Direba ake nema, aka rasa, aka tuna da kai. Kada wannan ya dame ka, iyaye da yawa ko a matsayin direba ba a tuna su.

Mataki na biyu: Ka loda mota, sannan ka sauke

Mutumin Makka in ya ji an ce bahar, cin abinci a waje ne ke zuwa masa a rai. Don haka ka yi yadda Mukhtaru ya yi. Ka sa darduma babba, da matasan jingina, da ƙaramar tukunyar gas, da butar gahawa, da dabino, da burodin tamis mai zafi, da kaskon turaren wuta. Ka sa farar taguwarka da ta sha guga, ka feshe jikinka da turare, tunda yau za ka gana da abokan 'yarka, kuma ba ka so a ce ubanta ƙazami ne.

Sannan ka tsaya a ƙofar gida bayan sallar asuba ka ji hukunci.

"Baba, farin kaya tsuntsu yana hango shi daga nesa. Sa mai ruwan ƙasa."

"Waccan tsohuwar? Wadda nake gyaran mota da ita?"

"Ita. Kuma turaren wutar nan na mene ne?"

"Bakin ruwa ai akwai ƙarni, ya binti, 'yata."

"Ƙarnin suka zo nema."

Ka koma sama ka sauya. Ka sauke gas, ka sauke kasko, ka sauke matasai. Amma ka riƙe butar gahawa da dabino ko da za a yi rigima, domin mutum ba ya zuwa wurin mutane hannu rabbana, ko da mutanen masu fuka-fukai ne.

Mataki na uku: Ka ƙarar da maganarka a hanya

Wannan dabara ce ta masana. Magana kamar ruwan tanki ce, in ka zubar da ita a hanya, ka isa wurin babu ko ɗigo. Mukhtaru ya gwada. Daga Shisha har suka fara jin iskar gishiri bai rufe baki ba. Ya ba ta labarin alhajin da ya shiga motar 'yan Indunusiya ya ƙi fita, da tsadar tayoyi, da yadda kakanta ya zo daga Kano a ƙafa. Nora tana goge gilashin kyamararta mai dogon hanci tana cewa "aiwa".

Abin da masana ba su faɗa ba shi ne, tankin wasu rijiya ce. Sun isa, yana jin kamar yanzu ya fara.

Mataki na huɗu: Sallama

A nan ake yin ta, don haka buɗe kunnenka.

Za ku ajiye mota nesa da ruwa, ku taka da ƙafa a kan wata siririyar hanya har wata 'yar rumfar katako mai ƙananan tagogi. A ciki za ka tarar da mutane a zaune, manya da hankalinsu, kowa ya manna ido a darbil, wato madubin hangen nesa, sun yi tsit kamar masu jiran liman ya tayar da kabbara. A gabansu ruwa ne shimfiɗe, rana tana fitowa a bayansu, ga tsuntsaye fal: zalɓe, da kwasakwasa, da ƙananan masu tsere a bakin taɓo, da wasu dogaye masu ruwan hoda da ake kira nuham, kowanne ya tsaya da ƙafa ɗaya.

To, tun Mukhtaru yana yaro aka koya masa cewa ba a shiga taron Musulmi ba sallama. Ya riƙe sharaɗin 'yarsa tun daga mota har ƙofar rumfa, yana tafiya da sanɗa. Amma da ya ga bayan mutane a jere, tarbiyya ta riga tunani fita.

"ASSALAMU ALAIKUM WA RAHMATULLAH! Jama'a an tashi lafiya?"

Fadamar nan gaba ɗaya ta tashi sama. Fari da hoda da toka suka rufe rana, ƙarar fuka-fukai ta cika wurin, kafin ka ce me sun yi can tsakiyar bahar. Ruwa ya rage shi kaɗai yana kaɗawa.

Wani dattijo mai suna Ustaz Majid, shugaban ƙungiyar, ya sauke darbil ɗinsa a hankali. Amsa sallama wajibi ce, don haka ya amsa, cikin raɗa, da muryar wanda aka taka wa ƙafa a sahu. Sauran ma suka amsa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya waiwayo.

Nora ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Baba, koma mota ka jira ni."

Kunya ta rufe Mukhtaru, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ɗora a ƙirjinsa, ya sake ɗagawa: sau ɗaya tak, a ƙara masa dama. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matsa gefe ta ba shi wuri a benci, ta zaro dabino daga ledarsa ta miƙa masa.

"Sa a baki. Kada ka tauna, kada ka tofar da ƙwallon."

Mataki na biyar: Tambayoyin da za ka haɗiye

Tsuntsaye ba su da riƙo. In an yi shiru, a hankali za su fara dawowa, ƙanana da farko, manyan daga baya. Suna dawowa tambayoyi za su fara taso maka. Ka haɗiye su duka, musamman ta farko, wadda na san ita ce a ranka tun daga gida: ana ci?

Kada ka yi ta. Kada ka dubi cinyar kwasakwasa ka tuna yajin siriya, tsiren nan namu na unguwar Misfala. Kada ka tambayi nawa ake biyan mutanen nan, don ba a biyansu, kuma amsar za ta tayar maka da hankali. Kada ka zagaya da gahawa kana cewa "tafaddal". Ka zuba, ka miƙa, ka yi shiru. Ustaz Majid ya karɓi nasa, ya kurɓa, ya gyaɗa kai, aka yi sulhu ba tare da an ce uffan ba.

In kana da sa'a, 'yarka da kanta za ta matso ta yi maka bayani. Nora ta kawo bakinta kusa da kunnen ubanta, abin da rabonta da yi tun tana neman kuɗin alewa. Rabi Larabci rabi Hausa, ta gaya masa abin da ya kawo ta. Akwai wani farin tsuntsu mai baki kamar ludayi, Larabawa na ce masa abu mal'aƙa. A cikinsu akwai ɗaya da wasu masu bincike a wata ƙasa mai ƙanƙara suka sa wa zobe ruwan ɗorawa a ƙafa tun yana ɗan tsako. Duk sanyi tana ganinsa a nan, ta ɗauki hoton zoben ta aika musu, su san yana raye. Bana ba ta gan shi ba, kuma sanyi ya kusa wucewa.

"Ina tsoron ko ya mutu a hanya," ta ce.

Mukhtaru ya so ya ce mata in sha Allahu yana nan, ya so ya ce abubuwa da yawa. Ya tsotsi dabinonsa.

Mataki na shida: Jira

Babu dabara a nan. Zama za ka yi, ƙafarka ta yi sanyi, bayanka ya ƙage.

Amma ga abin da ba wanda zai gaya maka. In bakinka ya rufu, idonka zai rasa aikin yi, sai ya fara kallo. Mukhtaru ya kalli tsuntsaye ya gaji, ya koma kallon 'yarsa. Ya ga yadda take riƙe numfashi kafin ta danna kyamara. Ya ga samfurin lallen biki da ƙawayenta suka gwada mata a bayan hannu, ya fara dushewa. Ya tuna lokacin da yake ɗora ta a kafaɗa ya je da ita tashar mota, yana kiran alhazai, ita kuma ta toshe kunnuwa da 'yan yatsunta. A lokacin dariya abin yake ba shi. Yau ya gane tun ranar take jiran ya yi shiru, shi kuwa yana ta ƙara murya don ta ji shi. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa, ya bar shi a kan iskar gishiri ce.

Mataki na bakwai: Jawwal

Tun a mota aka ce ka kashe waya. Na san ba ka kashe ba, ka dai hana ta ƙara. Mukhtaru ma haka ya yi, kuma yana da hujja. Sunan hujjar Gwaggo Hajo.

Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifinsa ce, ita kaɗai ta rage a manyansu, tana zaune a Misfala. Duk hantsi sai ta kira shi, kuma tunda aka ƙirƙiro wayar hannu bai taɓa barin kiranta ya katse ba, ko yana tsakiyar lodin alhazai. Kunnenta ya yi nauyi, a duk dangi muryarsa kaɗai take ji ba wahala. Gaisuwarsu kuwa sai an bi gida-gida, an tambayi kowa da sunansa.

Hantsi ya ɗaga, Nora ta damƙe hannun rigarsa. Wasu fararen tsuntsaye sun sauka a ɗan tsibirin taɓo, suna tafe suna share ruwa da ludayin bakinsu, dama da hagu. Na bayansu ya ɗaga ƙafa, wani abu ruwan ɗorawa ya ƙyalla. Yana da nisa, zoben ba ya karantuwa, amma yana matsowa.

Daidai nan aljihun Mukhtaru ya fara rawa.

Ya zaro, ya ga sunan. Nora ma ta gani. Ta san Gwaggo, ta san abin da rashin ɗauka yake nufi a gidansu. Ta dubi tsuntsun, ta dubi ubanta, ta sauke kyamara.

"Ɗauka, Baba," ta raɗa. "Ma'alesh, ba komai."

Mukhtaru ya girgiza kai. Ya ɗaga cinya, ya tura wayar ƙarƙashi, ya zauna a kanta da duk nauyin da Allah ya ba shi. Ta yi rawa ta gaji. Ta sake. Ta kuma sakewa. Gumi ya keto masa cikin sanyin nan, ƙwallon dabino yana bakinsa, yana neman gafarar Allah da ta Gwaggo a zuci. Da hannu ya nuna wa 'yarsa ruwa: yi aikinki.

Tsuntsun ya zo har gaban rumfa, ya tsaya, ya ɗaga ƙafar yana sosa wuya kamar wanda aka roƙa. Kyamara ta yi 'yar ƙara. Nora ta duba, ta faɗaɗa hoton, ta rufe baki da hannu.

"Huwa! Shi ne, Baba. Yana da rai."

Mataki na takwas: Ka shirya karɓar hukunci

Kada ka zaci an gama. Kafin su kai wurin mota, Gwaggo Hajo ta kira Hadijatu, ta kira Talal a wurin aiki, ta kira dangi na Jidda da na Ɗa'ifa. A lissafinta abu biyu ne kawai ke hana Muntari, kamar yadda take kiransa, ɗaukar waya: ko ya yi haɗari, ko ya yi kuɗi. Har maƙwabta sun fara taruwa a ɗakinta.

Ya tofar da ƙwallon dabino, ya kira ta, ya buɗe baki. Abin mamaki, muryar da take ɗaure tun safe ta ƙi fita, sai wani siririn abu kamar na mai mura.

"Gwaggo, Allah ya ja kwana, ni ne..."

"Wane ne? Ba na ji! Ku gaya mini gaskiya, a wane asibiti yake?"

Nora ta karɓe wayar daga hannunsa. Ta ja numfashi, irin jan da take yi kafin ta ɗauki hoto.

"GWAGGO! NORA CE! BABA LAFIYARSA ƘALAU! NI NA HANA SHI ƊAUKA, MUNA BAHAR MUNA KALLON TSUNTSAYE!"

Wurin ajiye motocin nan da gangan aka yi shi nesa, don kada hayaniya ta kai ga ruwa. Ta kai. Fadama ta sake tashi sama gaba ɗayanta, har da mai zoben. Can daga rumfa aka hango Ustaz Majid ya fito ya riƙe ƙugu.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo Hajo a waya. "Wace ce wannan da muryar Muntari? 'Yar nan, ashe kina da baki? Ashe kin iya Hausa kike cutata da Larabci? To tsuntsun me? Na ci ne?"

Mukhtaru ya dubi 'yarsa kamar yau ya fara ganinta. Ya matso kusa da kunnenta, ya yi raɗa ta gaskiya, ta farko a rayuwarsa.

"Ya binti, wurin nan ba a magana."

Dariya ta kama ta har ta jingina da mota. Da ta lafa, suka tsaya suna kallon tsuntsayen suna kewaya sama. Ya zuba mata sauran gahawa a murfin buta.

"Wannan mai zoben," ya ce, "da zafi ya shigo tafiya zai yi?"

"Aiwa. Nesa marra, nesa sosai."

"Kuma ya dawo?"

"Duk sanyi. Nan ɗin dai, wannan taɓon."

"Ko an yi masa ihu?"

Ta juya murfin a hannunta, ba ta dube shi ba. "Ya saba, Baba. Ya san wurinsu ne." Ta shanye, ta miƙa masa. "Baɗi ka zo da gahawa. Amma turaren wuta yana gida."

Gargaɗi

Ni dai na faɗa maka abin da na ji ta rufin ɗakina. In ka bi matakan nan gwaggonka ta yi fushi, ba ruwana. Ta Mukhtaru har yau in ya kira sai ta ce a ba ta mai muryar nan ta Dammam, da shi ba ta magana. In wayarka ta tsage a ƙarƙashinka, ko bayanka ya riƙe, ko ka gano 'yarka ta fi ka murya, kada ka zo ƙofata.

In kuma ka ga wani mataki ya ɓace, laifin Mukhtaru ne. Tunda aka kai Nora gidanta ya ɗauki wata ɗabi'a: duk Asabar da safe sai ya zauna a falo ya yi tsit, wai yana atisaye. Ni da na saba jin komai, yanzu sai in kasa kunne in ji wayam. Abin da na sani kawai Hadijatu ce ta gaya wa matata. Ta ce tsohuwar taguwar nan mai ruwan ƙasa ya sa an wanke ta an goge, ya rataye a bayan ƙofa, ya hana kowa taɓawa. Ga zafin Makka ana fama da shi, kwalta tana narkewa, shi kuwa kullum ya dawo daga aiki sai ya tambaye ta ko ta ji alamar sanyi ya fara shigowa.